Jarrabawar kammala sakandare: A soke ta ko a gyara?

A ranar 4 ga watan Agustan 2025, hukumar shirya jarrabawa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, WAEC, ta ba da sanarwar cewa kashi 38 cikin ɗari ne kacal na ɗaliban Najeriya da suka zauna jarrabawar kammala sakandare a wannan shekara suka sami kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi.

Bayan kwana huɗu sai hukumar ta sake kiran manema labarai, ta ce an tafka kuskure wajen duba wani sashe na takardar Turanci, kuma adadin waɗanda suka yi nasara ya kusa kashi 63 cikin ɗari.

Ma'ana, daga cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka rubuta jarrabawar, kimanin 485,000 sun shafe kwanaki huɗu suna zaton ba su cika sharaɗin neman jami'a ba, alhali kuwa sun cika. Shugaban ofishin hukumar a Najeriya, Dakta Amos Dangut, ya nemi afuwar ɗalibai da iyayensu.

Tun kafin wannan, a ƙarshen watan Mayun shekarar, an ga hotunan ɗalibai a jihohi da dama suna rubuta takardar Turanci cikin dare da hasken tocila da na wayar salula, saboda takardun tambayoyin ba su iso da wuri ba. Hukumar ta danganta jinkirin da matakan da ta ɗauka na hana tambayoyin fita kafin lokaci.

A cikin wannan wata ne kuma hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, lamarin da ya sa aka sake musu jarrabawar.

Waɗannan abubuwa sun sake ta da wata tsohuwar muhawara wadda ba a Najeriya kaɗai ake yin ta ba: shin ya dace a rataya makomar yaron da ya shekara shida a sakandare a kan abin da zai rubuta cikin 'yan makonni? Ko kuwa ya fi dacewa a bar wa malaman da suka koyar da shi su faɗi matsayinsa?

Akwai ƙasashen da suka gwada hanya ta biyun, wasu da gangan, wasu kuma bisa tilas. Abin da ya biyo baya yana da darasi ga duk mai sha'awar a soke jarrabawar.

Abin da ke rataye a kan takardar

A Najeriya takardar shaidar kammala sakandare ta wuce shaidar an gama makaranta. Da ita ake neman jami'a da kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha, da ita ake neman shiga aikin soja da na 'yan sanda da ƙananan guraben aikin gwamnati. Hatta tsarin mulkin ƙasar na 1999 ya gindaya ilimi daidai da matakin wannan takarda a matsayin mafi ƙarancin abin da ake bukata ga mai neman kujerar shugaban ƙasa ko gwamna ko ɗan majalisa.

An kafa hukumar WAEC ne a 1952, tun zamanin mulkin mallaka, domin Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya, kafin Laberiya ta shiga a 1974. A 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa NECO mai hedkwata a Minna, wadda ta gudanar da jarrabawarta ta farko ta kammala sakandare a 2000. Akwai kuma NABTEB ta makarantun fasaha da kasuwanci, da NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci.

Masu sukar wannan tsari suna da hujjoji masu ƙarfi. Suna cewa jarrabawar ta mayar da ajin ƙarshe na sakandare wurin haddar tambayoyin shekarun baya, ta yadda malami ba ya koyar da abin da ya san ba zai fito ba. Suna cewa yaron da ya yi rashin lafiya ko aka yi masa rasuwa a makon jarrabawa yana iya asarar wahalar shekaru. Kazalika suna nuni da cewa tambaya ɗaya ake yi wa yaron da ya yi karatu a makaranta mai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da wanda bai taɓa ganin kayan gwajin ba sai a hoton littafi.

Masu kare jarrabawar kuwa cewa suke ranar wanka ba a ɓoye cibi. A ganinsu ita ce kaɗai ranar da ɗan attajiri da ɗan manomi ke zama a gaban takarda ɗaya, kuma wanda zai duba amsarsu bai san ko ɗayansu ba.

Ƙuri'ar Massachusetts

A Amurka ne aka fi yin nisa wajen janye wannan sharaɗi. A can makaranta ce ke bai wa ɗalibi takardar kammalawa idan ya ci darussan da aka wajabta masa, amma daga shekarun 1990 jihohi da dama suka ƙara da cewa sai ya ci wata jarrabawa ta jiha. An kai lokacin da kusan rabin jihohin ƙasar 50 ke da irin wannan doka, amma ya zuwa 2024 waɗanda suka rage ba su kai goma ba.

Jihar California ta dakatar da tata a 2015, har ma ta ba da umarnin a miƙa takardun shaida ga tsofaffin ɗaliban da faɗuwa jarrabawar ce kaɗai ta hana su samu. Jihar New York, wadda jarrabawarta ta Regents ta samo asali tun ƙarni na 19, ta bayyana a 2024 cewa za ta daina sanya cin jarrabawar a matsayin sharaɗi daga shekarar karatu ta 2027 zuwa 2028.

Amma wadda ta fi jan hankali ita ce Massachusetts, jihar da ɗalibanta suka daɗe suna kan gaba a gwaje-gwajen ƙasa baki ɗaya. A watan Nuwamban 2024, ranar da aka yi zaɓen shugaban ƙasa, kimanin kashi 59 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a a jihar suka amince a soke sharaɗin cin jarrabawar MCAS, wanda aka soma aiki da shi a kan ɗaliban da suka kammala a 2003.

Ƙungiyar malamai ta jihar ce ta jagoranci yaƙin neman sokewar. Hujjarta ita ce, ɗalibai kimanin 700 a kowace shekara suna cin dukkan darussansu amma a hana su takarda saboda wannan jarrabawa kaɗai, kuma akasarinsu masu bukata ta musamman ne ko 'ya'yan baƙin da ba su gama ƙwarewa a Turanci ba.

Gwamnar jihar, Maura Healey, da 'yan kasuwa da dama sun yi adawa da matakin, suna masu cewa zai bar gundumomin ilimi sama da 300 kowacce da nata ma'aunin. Bayan an kayar da su, sai gwamnar ta kafa wata majalisa a farkon 2025 domin ta fito da sabon ma'auni na bai ɗaya.

Bincike ya ba masu neman sokewar wani ƙarfi. Wani rahoto da majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta fitar a 2011 ya gano cewa irin waɗannan jarrabawowi sun rage yawan masu samun takardar kammalawa da kimanin kashi biyu cikin ɗari, ba tare da sun ƙara wa ɗalibai ƙwazo ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, ɗaliban Massachusetts ba su daina zama jarrabawar ba, domin dokar tarayya ta wajabta a riƙa gwada su don a san halin da kowace makaranta ke ciki. Abin da aka cire shi ne hana ɗalibi takarda saboda faɗuwa.

Na biyu, wasu daga cikin manyan jami'o'in ƙasar sun bi wata hanya dabam. A lokacin annobar korona sun daina tilasta wa masu neman shiga gabatar da sakamakon jarrabawar SAT ko makamanciyarta, amma jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, sannan Dartmouth da Yale da Harvard suka bi sahu a 2024. Daga cikin dalilan da aka bayar har da cewa sakamakon jarrabawar na taimakawa wajen gano haziƙan ɗalibai daga makarantun marasa galihu, waɗanda in ba don shi ba da babu mai lura da su.

Gwajin dole a Ingila

Idan Amurka ta yi nata da ƙuri'a, Ingila tilas ce ta sa ta. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu, aka kuma soke jarrabawar GCSE da ta A-level, wadda da ita ake shiga jami'a.

An umarci malamai su ƙiyasta makin da kowane ɗalibi zai samu da an yi jarrabawar. Da yake hukumar sa ido kan jarrabawa, Ofqual, tana fargabar malamai za su yi sassauci, sai ta tsara wani lissafi na kwamfuta da ke daidaita makin bisa la'akari da sakamakon da makarantar ta saba samu a shekarun baya.

Da aka fitar da sakamakon A-level a ranar 13 ga watan Agusta, sai aka tarar an rage kusan kashi 40 cikin ɗari na makin da malamai suka bayar. Haziƙin yaro a makarantar da ba ta saba yin abin kirki ba ya ga an ja shi ƙasa saboda tarihin waɗanda suka gabace shi. Makarantun kuɗi masu ƙananan azuzuwa kuwa sun tsira, domin lissafin ya fi dogara ga makin malami a inda ɗalibai ba su da yawa.

Ɗalibai sun fito zanga-zanga a London, kuma bayan kwana huɗu sakataren ilimi na lokacin, Gavin Williamson, ya janye lissafin, aka koma ga makin malamai.

A 2021 ma ba a yi jarrabawar ba, aka bar wa makarantu su yanke hukunci. A shekarar 2019, kimanin kashi 25 cikin ɗari na sakamakon A-level a Ingila ne ya kai matakin A ko sama da haka. A 2021 adadin ya haura kashi 44.

Kuma ba kowa ne ya ci moriyar wannan ƙari daidai da kowa ba. A makarantun kuɗi adadin ya tashi daga kimanin kashi 44 zuwa kashi 70, yayin da a makarantun gwamnati na gama-gari bai kai kashi 40 ba. Tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta ƙaru a daidai lokacin da babu jarrabawa.

Wannan ya faru ne a ƙasar da malamai ke samun horo da albashi a kan kari, kuma ake da masu duba makarantu. Ba sai an zargi kowa da rashin gaskiya ba: malamin da ya san ɗalibinsa, ya kuma san iyayensa, da wuya ya ba shi maki na ƙasa idan akwai dalilin ba shi na sama.

Ingila ta koma jarrabawa a 2022. Wani kwamiti da gwamnati ta kafa don nazarin manhaja ya ba da shawara a watan Nuwamban 2025 cewa a rage tsawon lokacin da ɗalibai ke shafewa a ɗakin jarrabawar GCSE, amma a ci gaba da yin ta.

Faransa da Jamus

Faransa, wadda Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka suka gaji jarrabawar BAC daga gare ta, ta zaɓi tsaka-tsaki. Jarrabawar ta samo asali ne tun 1808 a zamanin Napoleon, kuma ta daɗe tana dogara kusan kacokan a kan takardun ƙarshen shekara.

Ƙarƙashin garambawul ɗin ministan ilimi Jean-Michel Blanquer, wanda ya fara aiki a kan ɗaliban 2021, an mayar da kashi 40 cikin ɗari na makin ga ƙwazon ɗalibi a aji, aka bar kashi 60 ga jarrabawar ƙarshe.

A can ma shekarar korona ta nuna abin da ke faruwa idan aka dogara ga makin aji kaɗai: waɗanda suka ci BAC sun tashi daga kimanin kashi 88 cikin ɗari a 2019 zuwa kimanin kashi 95 a 2020.

Akwai wani darasin kuma. A 2023 an gudanar da manyan takardun jarrabawar a watan Maris, sai makarantu suka koka cewa ɗalibai da dama sun daina zuwa aji a zangon ƙarshe tun da sun san an riga an gama da su. Daga 2024 aka mayar da takardun watan Yuni.

Jamus kuwa ƙara ƙarfafa jarrabawar ta yi. Kafin shekarun 2000, a fiye da rabin jihohinta 16 malaman kowace makaranta ne ke tsara tambayoyin jarrabawar Abitur. Bayan sakamakon gwajin ƙasa da ƙasa na PISA da aka fitar a 2001 ya nuna ɗaliban ƙasar ba su kai yadda ake zato ba, sai kusan dukkan jihohin suka koma tsara tambayoyi daga cibiya ɗaya. Masana tattalin arzikin ilimi irin su Ludger Woessmann na Jamus da John Bishop na Amurka sun wallafa binciken da ke nuna cewa ɗalibai sun fi ƙwazo a wuraren da ake da jarrabawar ƙarshe ta bai ɗaya wadda aka gina a kan manhaja.

Ita ma Finland, wadda ake yawan ba da misali da ita a matsayin ƙasar da ba ta takura wa yara da gwaje-gwaje, tana da jarrabawar ƙasa a ƙarshen babbar sakandare tun ƙarni na 19, kuma ba ta soke ta ba.

Makin aji a Najeriya

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a rubuce Najeriya ta riga Faransa rungumar wannan tsari na tsaka-tsaki. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, kuma tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya zo da shi. A jarrabawar WAEC kashi 30 cikin ɗari na makin ɗalibi daga makarantarsa yake fitowa, wato abin da ake kira CA, sauran kashi 70 kuma daga jarrabawar.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi ita ce, yaya wannan kashi 30 yake a aikace?

Malamai da masu bincike a fannin ilimi sun daɗe suna kokawa cewa a makarantu da yawa ana cike wannan maki ne a gurguje idan lokacin rajista ya matso, kuma ba safai ake samun makarantar da za ta aika da makin da zai ja ɗalibinta ƙasa ba. Ga makarantar kuɗi, sakamako mai kyau shi ne tallarta. Ga shugaban makarantar gwamnati kuma, shi ne abin da zai nuna wa ma'aikatar ilimi.

Ko da an ɗauke son rai, akwai matsalar yawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma a manyan biranen arewa ba abin mamaki ba ne a ga aji mai ɗalibai ɗari ko fiye. Malamin da ke shiga irin waɗannan azuzuwa huɗu ko biyar ba zai iya sanin kowane yaro sanin da zai ba shi damar yanke masa hukunci na adalci ba.

Ga kuma batun ingancin malaman kansu. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin gwajin da aka ɗauko daga darussan aji huɗu. Ƙungiyar malamai ta ƙalubalanci yadda aka yi gwajin, amma lamarin ya nuna irin shakkun da ke tsakanin hukuma da malamai.

Tarihin baya-bayan nan ya kuma nuna abin da ke faruwa idan aka daina yarda da wani sakamako. A 2005 jami'o'in Najeriya suka fara yi wa masu neman shiga tasu jarrabawar bayan ta JAMB, saboda suna ganin ɗalibai da manyan maki waɗanda ba sa iya kare su. Gwamnatin tarayya ta soke wannan jarrabawa a 2016, ta kuma dawo da ita a 2017.

Idan da za a soke jarrabawar WAEC da NECO gobe, jami'o'i da ma'aikatu ba za su karɓi takardar kowace makaranta ido rufe ba. Ko dai su ƙirƙiro nasu gwaje-gwajen, kowanne da kuɗinsa da tafiyarsa, ko kuma su riƙa duba sunan makarantar da ta ba da takardar. A hali na biyun, yaron makarantar gwamnati ta ƙauye ya faɗi tun kafin a buɗe fayil ɗinsa. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Maguɗi da bashi

Wannan ba ya nufin jarrabawar da ake da ita tana cika aikinta. Dukkan hujjar masu kare ta ta dogara ne a kan cewa kowa na zama a gaban takarda ɗaya ba tare da taimako ba, kuma a nan ne Najeriya ke da rauni.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Fitar tambayoyin jarrabawar 1977 ta yi munin da ya sa gwamnatin soja ta kafa kotun bincike, kuma daga lokacin ne kalmar "expo" ta zauna a bakin ɗalibai. Wata dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, kafin a maye gurbinta da wata a 1999. Duk da haka a 2024 WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da 215,000 bisa zargin satar amsa, a 2025 kuma sama da 190,000.

Makarantun da ake yi wa laƙabi da "mirakul santa", inda iyaye ke biyan kuɗi mai yawa don a tabbatar wa 'ya'yansu kiredit, sun mayar da abin ciniki. A irin wannan yanayi ɗan mai hali ya sake samun fifikon da aka ce jarrabawar ta zo ta kawar.

A arewa akwai ƙarin wani shingen, wato samun damar zama jarrabawar ma tukuna. Jihohi irin su Kano suna gudanar da jarrabawar tantancewa, wadda da ita gwamnati ke zaɓar ɗaliban da za ta biya wa kuɗin rajista. Wanda bai tsallake ba, idan iyayensa ba su da hali, karatunsa ya tsaya ke nan ba tare da wata takarda ba.

An sha riƙe sakamakon ɗaliban wasu jihohi saboda gwamnatocinsu ba su biya bashin hukumomin jarrabawa ba. A 2022 WAEC ta bayyana cewa jihohin Sakkwato da Zamfara ba su gabatar da ɗalibai daga makarantun gwamnati ba a jarrabawar wannan shekara.

Rashin tsaro ma ya shiga ciki. 'Yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 sun taru a makarantarsu ne domin rubuta wannan jarrabawa.

Amma misalin Kenya ya nuna cewa ana iya gyara. A 2016 ministan ilimi Fred Matiang'i ya sauya shugabannin hukumar jarrabawar ƙasar, aka riƙa ajiye takardun tambayoyi a cikin kwantenoni ƙarƙashin tsaro, shugaban kowace makaranta ya je da kansa ya karɓo na ranar da asuba. A wannan shekara ɗalibai 141 ne suka sami matakin A a duk ƙasar, alhali a 2015 sun haura 2,600. Adadin ya girgiza jama'a, amma ya nuna ainihin halin da makarantu ke ciki.

Ina mafita?

Gwamnatin Najeriya ta sa ranta a kan na'ura. WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa da kwamfuta a 2024, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya umarci WAEC da NECO su mayar da jarrabawar makarantu kan kwamfuta daga 2026. A watan Nuwamban 2025 majalisar wakilai ta nemi a jinkirta shirin zuwa 2030, tana mai nuni da rashin lantarki da na'urori a makarantun karkara.

Kwamfuta na iya rage satar amsa, kamar yadda aka gani a jarrabawar JAMB. Sai dai abubuwan da suka faru a 2025 sun nuna cewa ita ma tana kuskure, kuma kuskurenta ɗaya kan shafi dubban ɗaruruwa a lokaci guda. Haka nan yaron da zai fara taɓa kwamfuta a ranar jarrabawa ba a yi masa adalci ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga abin da ƙasashen nan suka gani, akwai matakan da ba sa bukatar a soke komai. Ana iya bambanta shaidar kammala makaranta da shaidar cancantar shiga jami'a, ta yadda yaron da ya yi shekara shida bai sami kiredit biyar ba zai fita da takardar da ke nuna abin da ya iya, musamman a fannin sana'a. Ana iya sauƙaƙa sake zama darasi ɗaya ko biyu da aka faɗi, domin a yanzu wannan dama ta mai kuɗin rajista ce. Ana iya riƙa kwatanta makin aji na kowace makaranta da abin da ɗalibanta suka samu a jarrabawa, a binciki wadda tazarar ta yi yawa. Sannan jihohi su ɗauki kuɗin jarrabawa a matsayin wajibi kamar albashi.

Ƙasashen da suka sassauta sharaɗin jarrabawar ƙarshe sun yi haka ne suna da wasu hanyoyin sanin abin da ke gudana a kowane aji, kuma duk da haka wasunsu sun koma neman ma'auni na bai ɗaya. Najeriya ba ta gina irin waɗannan hanyoyi ba tukuna.

Saboda haka, ga ɗalibin da ba shi da kowa a sama, jarrabawar da baƙo zai duba ta fi masa alheri a kan makin da za a iya roƙa ko a saya a ofishin makaranta. Amma wannan alheri yana tabbata ne kawai idan takardun sun iso a kan lokaci, ba a sayar da amsa ba, aka kuma duba su daidai. A 2025 an sami gazawa a dukkan waɗannan, kuma a kansu ne iyaye za su riƙa auna hukumomin jarrabawa a shekaru masu zuwa.